Garejin Abu Hammam

A loma ta uku Abu Hammam ya lumshe ido. Duk bukukuwan garin Karak bai taɓa cin mansaf, wato shinkafa da nama, irin wannan ba: naman rago na narkewa a baki, miyar nono ta ratsa shinkafa.

"Wa ya yi girkin nan?" ya tambayi uban ango.

"Wata sabuwar mai abincin biki ce. Yau ta fara."

Matarsa, Ummu Hammam, ta daɗe tana roƙon ya ba ta garejinsa na gida ta mai da shi wurin girki, ta fara wannan sana'a. Kullum amsarsa ɗaya: "Girkinki na gida ne, ba na taro ba." Ga bikin 'yarsu ya matso.

Ya zagaya bayan rumfa, ya tarar mai girkin ta ba shi baya.

"Baiwar Allah, hannunki da albarka! Ki yi mana na bikinmu, ki kuma koya wa matata."

Ta juyo da ludayi a hannu.

"Garejin fa, Abu Hammam?"

"Ummu Hammam! To me ya sa na gida bai kai wannan daɗi ba?"

"Girkin ɗaya ne, maigida. Can kyauta kake ci."