Ɗaki Mai Taga

"Baba, kawo wayarka in yanka maka tikitin jirgin ruwan kai tsaye," in ji 'yarsa.

Tsohon ya ƙi. Ya nufi ofishin dillalin tafiye-tafiye, inda shi da matarsa suka yi shekaru suna zuwa kallon hotunan jiragen shaƙatawa, kullum suna cewa sai baɗi. Tsohuwar fankar nan tana ta ƙugi kamar da.

Dillalin ya washe baki. "Yau kai kaɗai? Ina mutuniyar tawa, mai nacin ɗaki mai taga?"

Duk gari an yi masa ta'aziyyarta. A ɗakin nan kaɗai ne ba ta rasu ba tukuna. Bai saba ƙarya ba.

"Tana gaishe ka," ya ce. "Mu biyu za ka rubuta."