Girgizar Babban Famfo

A gafarci ƙarambanina, ban taɓa rubuta labari ba.

Allon ɗakin sa ido na wata masana'anta ya yi ja a gaban sabuwar ma'aikaciya. Na'urar da ke hango lalacewar inji tun kafin ya lalace ta nuna babban famfo yana wata baƙuwar girgiza.

Manaja ya faɗo ɗakin ko sallama babu. "Ke, kashe shi! Kira injiniyoyi! Famfon nan ya fi ku tsada gaba ɗayanku!"

Manajan nan ne fa ya hana babanta, mai sharar masana'antar, hutun jinya da safe, wai zazzaɓi ba ciwo ba ne.

Jim kaɗan babban injiniya ya kira: "Ranka ya daɗe, famfo lafiyarsa ƙalau. Tsohon nan mai shara ne ya rungume bututun famfon don kada ya faɗi, jikinsa sai ɓari yake."

Manaja ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi, na zaci wani abu ne! A janye shi. Ke, tayar da famfo."

Ba ta tayar ba. Yana juya baya ta sulale, ta gangara wajen babanta.