Ranar da Baba Ya Hana Ni Hausa a Kasuwa

Ina 'yar shekara sha huɗu na kai wa Baba abinci kasuwar hatsi ta Gadarif, inda yake ɗinke buhunan riɗi. Tun daga nesa na ɗaga murya: "Baba, ga tuwonka, Inna ta ce ka ci da zafinsa!"

Bai ɗago ba. Sai da na matso ya ce ƙasa-ƙasa, basilla a hannunsa: "Hausa ta cikin gida ce. A waje ki yi Larabci, kada a tambaye ki takardar jinsiyya, shaidar zama 'yar ƙasa."

Na ce, "A nan fa aka haife mu."

Ya ce, "Haka na gaya wa jami'an tsaro ran da suka sauke ni daga mota ina saurayi. Kwana uku na yi a tsare."

Shekaru sun wuce, na girma. Jiya a hanyar garin Fau wasu masu bindiga suka sauke ni daga bas, suka tambayi ƙabilata. Wallahi na gane tsoronka, Baba. Amma na ce musu ni Bahaushiya ce, 'yar Gadarif, kuma ko gobe suka tare ni abin da zan faɗa ke nan.