Tukwanen Irin da Ba Su da Suna

Ladidi, na duba manhajar kwamfutar da kika rubuta. Kin ƙulle bayanai, duk lambobi, a ƙunshi ɗaya, sai kiransu kike da "na farko" da "na biyu", ko suna babu. Matso ki ji wani misali.

Wani manomi ne a bakin fadama, yana da tukwanen irin shinkafa jere a ɗaki. Akwai ta kwari, mai miƙa wuya tana bin ruwa duk inda ya kai. Akwai ta tudu, wadda in ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe. A ido kuwa duk ɗaya suke. Bai taɓa sa musu alama ba, wai ai ya haddace. Wata shekara ciwo ya tsare shi a wurin ci-rani, ga damina ta kawo kai. Ya aika wa ƙanensa cewa a shuka ta farko a kwari, ta ƙarshe a tudu. Daga nan kullum sai ya kwanta a inuwar mangwaro ya lumshe ido, yana ganin gonarsa: ruwa kwance lumui, shinkafa kore shar tana rausaya, balbelu na sauka a hankali. Har ƙamshin sabuwar shinkafa yake ji a hancinsa. Wannan tunani ne ma ya yi ta ƙarfafa shi har ya miƙe.

Ashe shi daga bakin ƙofa yake fara ƙirgen tukwanen, ƙanen kuwa daga ƙuryar ɗaki ya fara. Ranar da ya dawo, ko gida bai shiga ba ya zarce fadama. Ruwa na nan kwance yadda ya riƙa gani, balbelun ma suna nan. Shinkafar ce babu, ta tudu aka shuka a nan, ta ruɓe. Ta kwari kuma tana can kan tudu ta bushe ƙayau. Wallahi bawan Allahn nan sai da ya zubar da hawaye, abincin shekara ya tafi, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi. Gawayi fa kawai ake bukata, ko ɗan ƙyalle a wuyan tukunya.

To, ki ba kowane gurbi na cikin ƙunshin nan sunansa. Hanyoyin yin haka suna da yawa a harshen kwamfutar nan, ki rubuta yadda ake yin kowacce, don wanda zai gaji aikin ba ya cikin kanki. Haba Ladidi, lamba da lamba ai kamanninsu ɗaya! Hausawa kuwa suka ce kama da wane ba wane ba ne.