Rijiyarmu a Cikin Kwamfuta

Yanzu ba a barin mutane a garinsu sai kwamfuta ta gwada rayuwarsu, ta ce ruwansu zai isa. Yaya Tasi'u da ke babban digiri a jami'a shi aka ba aikin garinmu. Ya rarraba mu cikin kwamfutoci arba'in masu aiki tare, kuma kullum a cikin gwajin sai rijiyarmu ta ƙafe.

Na kai masa fura, na saci kallon allon kwamfutarsa. Mata arba'in suna jan ruwa lokaci guda, har da ni da zanena.

"Yaya," na ce a hankali, "ai guga ɗaya gare mu. Layi muke bi."

Ya dafe kai. "Shafa'atu, gyaran nan sai wata uku."

"To, hukuma ta jira mana."

"Malamina ya riga ya aika sakamakon. Laraba motoci za su kwashe mu."