Waken Goggo Tabawa

Tun da aka mayar da fadamar garin gonar wiwi na magani, doka ɗaya ce a kan wake: a shuka shi tsakanin kunyoyi don saiwarsa ta sassauta laka, da ya yi fure a sare shi a binne. Ba a barinsa ya yi 'ya'ya.

Ranar sara, Goggo Tabawa ta dogara sandarta har gonar Sallau, ɗan wanta. Jan waken da ta gada wurin uwarta ne ya shuka, ragowar da ke cikin tulunta ke nan kaf.

"Sallau, bar mini gindi ɗaya ya yi iri. Ɗaya tak."

"Goggo, ga shi can yana kallonmu." Ya nuna idon kyamarar hukuma da ke bisa turken ƙarfe, wanda ya riga ya juyo wajensu. "Ya hango kwanso ɗaya, an ƙwace gonar. Yara su ci me?"

"Oho! Tabar da ake korar yaro daga gida saboda ita, yau ita ce uwar gida, wake baranta."

Sallau ya yi ta sara har ya kai gindin ƙarshe, ya tsaya, ya daɗe riƙe da lauje. Sannan ya sare.

Da ya haƙa rami zai tura shi, sai ta dafa hannunsa.

"A hankali, ɗan nan. Juya shi ya kalli gabas."