Liyari Mai Huji Biyu

Wani direba ya zazzage tsabar kuɗin ƙasashen waje gaban maƙerin azurfa a kasuwar Gaya.

"Duba ka taya."

Maƙerin ya riƙa jefa su kan uwar maƙera yana sauraron amonsu. "Na Chadi duk tarkace ne."

Sai hannunsa ya tsaya cak kan wani tsohon liyari, kuɗin azurfa na da, mai huji biyu. Shi ya huda shi, ya rataya wa yayansa ranar da yayan ya kama hanyar Makka a ƙafa. Yayan da aka ce ya rasu a Sudan, wanda matarsa ce yanzu a ɗakin maƙerin, har da goyo.

"Kayan mamaci ka kawo mini?"

"Wane mamaci? Mai su yana cikin motata. Ya ce ƙaninsa ya fi kowa sanin azurfa."